Pari-Dakar ta 1986: 486 suka tashi, 100 suka isa

Duk ɗan kasuwar da ya kai shekara sittin a Agye, ko Gazawa, ko Gidan Rumji, ba sai an tuna masa yadda watan Janairu na 1986 ya same shi ba. Iyakar Najeriya tana rufe tun watan Afrilu na 1984, sa'ad da gwamnatin Janar Buhari ta canja naira ta datse ƙofofi. Yunwar da ta biyo bayan farin 1984, wadda talakawa suka laƙaba wa suna El Buhari, ba ta daɗe da sakin mutane ba. Alhajin da ke da kamyo a Maraɗi yana iya kai wa Ɗan Isa, ga Jibiya nan kusa, amma kaya ba su ƙetarawa sai ta ɓarauniyar hanya. To a cikin wannan wata ne ayarin Turawa na motoci da babura da kamyo 486 ya taso daga Faransa, ya ratsa Aljeriya, ya shigo Nijar, ya nufi Mali da Gine da Muritaniya da Senegal, kowace iyaka ana buɗe masa ita da fara'a. Wannan ita ce gasar Pari-Dakar karo na takwas, wadda har yau masu bin tseren motoci ba su daina zancenta ba.

Dalilin da ya sa ba a manta da ita ba sananne ne: a cikinta mai gasar kansa ya mutu. Amma takardar sakamakonta ma abin karantawa ce, in an karanta ta yadda ɗan kasuwa ke karanta littafin shagonsa, wato ya duba abin da aka rubuta, ya kuma tambayi abin da ba a rubuta ba.

Kafin a tashi, akwai rariya biyu. Ta farko ita ce binciken takardu da na mota: lasisi, inshora, tankin mai, ƙarafan da ke tare rufi in mota ta kife, guzurin ruwa. Wanda bai cika sharaɗi ba, nan tasa ta ƙare. Ta biyu ita ce gwajin share fage, ɗan gajeren tsere na ƴan kilomitoci da aka yi a Cergy-Pontoise, kusa da birnin Pari, cikin sanyi da taɓon ƙarshen Disamba, gaban dubban ƴan kallo. Aikinsa shi ne ya jera mutane: wanda ya fi sauri ya tashi a sahun gaba. A tseren Formula 1, inda ake kewaya fili guda na awa ɗaya da rabi, sahun gaba rabin nasara ne. A Pari-Dakar ba haka abin yake ba. Na gaba ya tsira daga ƙurar ƴan'uwansa, gaskiya ne, kuma duk wanda ya taɓa bin bayan kamyo a hanyar ƙasa da hunturu ya san darajar wannan. Amma shi ne kuma zai buɗe hanya inda babu sawu, in ya ɓace ya ɓace shi kaɗai, na baya su bi sawun da ya fi daidai. A lokacin babu na'urar tauraron ɗan Adam mai nuna wa direba inda yake. Abin da ke hannun mataimakinsa shi ne littafin hanya, da ma'aunin kilomita, da busol, wato allurar nan mai nuna arewa. Daƙiƙa biyar da mutum ya ci a taɓon Cergy ba su tsinana masa komai in ya yi awa uku yana neman rijiya a hamada.

Ran 1 ga Janairu aka tashi daga Versailles: babura 131, motoci 282, kamyo 73. Tafiyar ta wuce kilomita dubu 13 cikin kwana 22. Mai karatu da ya san nisan Damagaram zuwa Yamai, kusan kilomita 900, sai ya ninka shi fiye da sau 14, ya kuma cire kwalta daga mafi wuyar tafiyar. Kowace rana kashi biyu ce. Akwai sipesiyal, inda ake riƙe agogo, kowa ya taka iya ƙarfinsa. Akwai liyezon, inda ba a tsere, ana bin hanyar kowa da kowa don a isa masauki cikin lokacin da aka yanka. A ƙarshe a tara awoyin sipesiyal, a ɗora tarar makara, mai ƙarancin lokaci shi ne zakara.

Rariya ta gaskiya kuwa ba a rubuta ta cikin doka ba, kuɗi ne. Mafi yawan waɗanda suka tashi mutane ne masu zaman kansu: mai gareji, likita, ɗan kasuwa, wanda ya yi shekara yana tara kuɗi yana roƙon kamfanoni su liƙa sunansu a jikin motarsa. Shi ne direba da rana, shi ne makaniki da dare. A gefe guda kuma ga kamfanin Porsche na Jamus da motoci uku samfurin 959. Wannan mota mai jan ƙafa huɗu tana da ƙarfin doki wajen 400, bayan ma an rage mata ƙarfi da gangan don ta iya shan esansin da za a samu a hanya. Tankunanta na ɗaukar lita 330, tano ɗaya da rabi ke nan da ɗoriya. A shimfiɗaɗɗen rairayin Tenere tana wuce kilomita 200 a awa. Shekara guda kafin nan, a 1985, Porsche ta kawo uku, ko ɗaya ba ta ga Dakar ba, Patrick Zaniroli ya ci da Mitsubishi Pajero. Jamusawa suka koma gida da kunya, suka shekara suna gyara.

Mota ta farko aka ba René Metge, Bafaranshe mai gareji, wanda ya riga ya ci gasar a 1981 da Range Rover, ya kuma ci a 1984 da wata Porsche. Ta biyu aka ba Jacky Ickx ɗan Beljik, wanda ya ci tseren Formula 1 sau takwas, ya ci tseren awa 24 na Le Mans sau shida, ya ci Pari-Dakar ta 1983 da Mercedes. Ta ukun ita ce abin lura. Injiniyan kamfanin ne, Roland Kussmaul, ke tuƙa ta, kuma ba don ya ci aka sa shi ba. Aikinsa ya bi bayan biyun nan da kayan gyara, in ɗaya ta tsaya ya tsaya, in ta kama a kwance wani abu daga tasa motar a ɗaura wa tasu, a kwance. Bayansa ga kamyo cike da tayu da kayan inji, ga makanikai da jirgin sama ke kai wa masauki su jira, direba ya kwanta su kwana suna aiki. Alhazan Maraɗi ba su buƙatar a fassara masu wannan. Mai kamyo ɗaya in akisil ya karye masa tsakanin Caduwa da Agye, kwana uku yana gefen hanya, karen mota na gadin kaya, shi yana Maraɗi ko Kano yana neman ƙarfe. Mai kamyo goma kuwa, kafin la'asar an kawo masa wani. Su biyun duka direbobi ne, wataƙila ma na farkon ya fi iya tuƙi.

Daga Tamanrasset ayarin ya shigo Nijar, ya sauka Agadas, ya ratsa Tenere zuwa Dirku, ya gangaro ta Agadem cikin tuddan rairayi, ya fito Damagaram, daga nan ya nufi Yamai. A wannan yanki ne gasar ke tace mutane kowace shekara. Tun 1983, da guguwar rairayi ta watsa masu tsere wajen 40 a Tenere aka yi kwanaki ana nemansu, Nijar ta zama zuciyar Pari-Dakar, hotunan da talabijin ɗin Faransa ke sayar da gasar da su yawancinsu na nan ne. Amma mummunan haɗarin da aka yi a Nijar a 1986 ba cikin rairayi ya faru ba. Jean-Michel Baron, mai babur Honda, ya faɗi ran 11 ga Janairu a liyezon, kan hanyar shiga Damagaram, bayan ya gama da hamada. Bai sake farfaɗowa ba. Shekara 24 ya yi kwance bai san inda yake ba, ya rasu a 2010. Tun kafin a bar Faransa ma, ran 2 ga wata, mota ta buge Yasuo Kaneko ɗan Japan a kan babur ɗinsa ya mutu, shi ma a hanyar kowa da kowa.

Wannan abin dubawa ne ga mutanen da kwalta ta ratsa garinsu. Hanyar ƙasa mai lamba 1, wadda ta haɗa Damagaram da Yamai, ta bi ta Tasawa, Gazawa, Agye, Caduwa, ta gefen Maraɗi, Tsibiri, Gidan Rumji, Madawa, ba ta kewaye waɗannan garuruwa ba, ta tsakiyarsu ta bi. Ran kasuwa, amalanken shanu da jakuna da masu tallan aya da yara duk a bakinta suke. Mutumin da ya yi kwana goma yana barcin awa uku, ya saba da gudun da babu gida babu bishiya a gabansa, in ya hau irin wannan hanya ya fi haɗari a kan yadda yake a Tenere, ga kansa da ga wanda ya tarar. A 1988 motar gasa ta kashe yarinya mai shekara 10 a Kita ta ƙasar Mali, a shekarar kuma aka kashe wata mata da ɗiyarta a Muritaniya. Takardar sakamako tana da gurbin awa da minti da daƙiƙa, tana da gurbin wanda ya janye, ba ta da gurbin waɗannan.

An huta a Yamai ran 13 ga Janairu. Washegari aka nufi Gurma-Rarus ta ƙasar Mali, a bakin kogin Kwara. Thierry Sabine, mai shekara 36, shi ne ya ƙirƙiro gasar bayan ya ɓace da babur a hamada, wajen iyakar Nijar da Libiya, a 1977, aka tsamo shi da ƙyar. Gasar farko ta tashi daga Pari ran 26 ga Disamba 1978 da ababen hawa 182, ta bi ta Agadas da Yamai. Tun daga nan komai a hannunsa yake: shi ke zana hanya, shi ke yi wa masu tsere jawabi da asuba, shi ke shawagi bisa kansu da jirgi mai saukar ungulu yana neman wanda ya faɗi. Ran 14 ga wata da almuru, ga iska ga ƙura ga duhu, jirgin nan ya faɗi ƴan kilomitoci kafin masauki. Mutum biyar ne ciki, babu wanda ya fita: Sabine, da matuƙin jirgin François-Xavier Bagnoud, da ƴar jarida Nathalie Odent, da ma'aikacin rediyo Jean-Paul Le Fur, da mawaƙi Daniel Balavoine.

Balavoine ba tsere ya zo ba a wannan shekara, ko da yake ya yi a 1983 da 1985. Ya biyo ayarin ne saboda wani shiri na raba wa ƙauyukan Sahel famfunan ban-ruwa masu inji, bayan farin da ya gani da idonsa. A yi masa adalci, niyyarsa mai kyau ce, ya kuma faɗi a fili cewa talaucin da ya gani a hanya ya dame shi. Sai dai duk manomin fadama a Gulbin Maraɗi ya san cewa samun famfo ba shi ne wuya ba, wuyar ita ce esansi da makaniki da ɗan ƙarfen da zai lalace bayan wata shida. Abin da ya sa Porsche ta isa Dakar, shi ne abin da famfon kyauta ba ya zuwa da shi.

Ba a tsai da gasar ba. Mataimakin Sabine, Patrick Verdoy, ya karɓi ragama, aka ci gaba cikin jimami zuwa Bamako, da duwatsun Gine, da rairayin Muritaniya. Ran 22 ga Janairu aka isa Dakar.

Ga abin da takarda ta ce. A motoci, René Metge da mataimakinsa Dominique Lemoyne ne na ɗaya, nasararsa ta uku ke nan. Jacky Ickx da ɗan wasan sinima Claude Brasseur na biyu, da tazarar fiye da awa guda. Pascal Rigal da Mitsubishi Pajero na uku. Kussmaul, mai dakon kayan gyara, duk da tsaye-tsayen da ya yi don wasu, ya zo na shida, ya bar motoci fiye da 270 a bayansa ko a gefen hanya. Wannan lamba ta shida ta fi ta ɗaya bayyana yadda abin yake. A babura, kamfanin BMW da ya ci shekara uku a jere, 1983 da Hubert Auriol, 1984 da 1985 da Gaston Rahier, ya sauka. Honda ta kwashe na ɗaya da na biyu da na uku: Cyril Neveu, Gilles Lalay, Andrea Balestrieri. Neveu shi ne ya ci gasar farko ta 1979, wannan ce nasararsa ta huɗu, ya kuma ƙara ta biyar a 1987. A kamyo, Giacomo Vismara ɗan Italiya ya ci da Mercedes Unimog. Cikin 486, ɗari cif suka isa: babura 29, motoci da kamyo 71. Ɗaya cikin biyar ke nan.

Cikin waɗanda aka rubuta sun isa akwai Giampaolo Marinoni, ɗan Italiya mai babur Cagiva. Ya faɗi a rana ta ƙarshe, ya tashi ya hau ya ƙarasa, aka rubuta lokacinsa. Ashe ya ji ciwo a ciki. Bayan kwana biyu ya rasu a asibitin Dakar. A takarda, yana cikin masu sa'a.

Me Nijar ta samu? Agadas ta samu, ba a musu. Masu otel, masu sayar da mai, maƙeran azurfa, masu jagora, duk sun ga kuɗi, kuma sunan Tenere ya shiga kunnen Turawa, masu yawon buɗe ido suka biyo baya. Mano Dayak, wanda filin jirgin saman Agadas ke ɗauke da sunansa, ya yi aiki da Sabine wajen shirya hanyoyin hamada, kamfaninsa na yawon buɗe ido ya bunƙasa a waɗannan shekaru. Amma ciniki ne na kwana biyu ko uku a shekara, a garuruwan da ayarin ke kwana. Ayarin da ke tafe da abincinsa da likitocinsa da makanikansa a jirgin sama ba ya barin wani abin kirki a garin da ya wuce da gudu. Ƙasa ta ba da aron filinta, jandarmomi sun tsare hanya, ma'aikatan duwan sun buga hatimi, amma wanda ya san harkar kwangila zai lura cewa mai fili bai da ta cewa a kan ranar zuwa ko ranar dainawa.

Shekarun da suka biyo baya sun ƙara nuna ko wane ne ke yanke sakamako. A 1989, bayan an ratsa Nijar, motocin Peugeot biyu, ta Ari Vatanen ɗan Finlan da ta Jacky Ickx, sun yi wa kowa nisa, suna ta kokawa da juna har Vatanen ya kife. Shugaban ƙungiyar, Jean Todt, ya ji tsoron kada su farfasa motocin kamfani a rasa duka. A Gawo ya fiddo tsabar faran 10 na Faransa, dala ɗari ke nan a canjin wancan lokaci, ya jefa sama. Ta faɗa wa Vatanen. Aka umarci Ickx ya sassauta, Vatanen ya shiga Dakar a matsayin zakara. Tseren dubban kilomitoci, kuɗin da bai kai na buhun gero ba ya raba gardamarsa.

Tokar Sabine kuwa a Nijar take. An ƙone gawarsa bisa al'adar wasu Turawa, aka watsa tokar a gindin wata bishiya tilo a arewacin Tenere, wadda ake kira da sunansa tun daga lokacin. Ba ita ce shahararriyar bishiyar Tenere ba, waccan wani direban kamyo ya buge ta a 1973, kututturenta yana gidan tarihi na Yamai. René Metge ya bar tuƙi ya jagoranci gasar a 1987 da 1988, ya rasu a watan Janairu na 2024.

Gasar ta dawo Agadas a 1997, bayan shekarun tawayen arewa, aka yi Dakar zuwa Agadas a koma Dakar, Kenjiro Shinozuka ɗan Japan ya ci. A 2000 aka shirya ta daga Dakar zuwa Alƙahira, da niyyar ratsa Nijar daga yamma zuwa arewa maso gabas. Da ayarin ya iso Yamai, ƴan makonni bayan rantsar da shugaba Tandja Mamadu, masu gasar suka ce an gargaɗe su da harin ƴan bindiga. Suka soke zangunan Nijar, suka ɗauko manyan jiragen Antonov suka kwashe motoci da babura da kamyo zuwa Sabha ta Libiya. Masu otel da masu mai da suka yi tanadi a gaba suka zauna da kayansu. Daga wannan shekara Pari-Dakar ba ta sake taka ƙasar Nijar ba. A 2008 aka soke ta baki ɗaya saboda barazana a Muritaniya, a 2009 ta koma Kudancin Amurka, a 2020 ta koma Saudiyya, tana riƙe da sunan Dakar.

Iyakar Najeriya kuwa, gwamnatin Janar Babangida ta buɗe ta a watan Maris na 1986, makonni kaɗan bayan Metge ya karɓi kofinsa. Kamyon wake da na dabbobi suka koma bin Ɗan Isa zuwa Jibiya da rana tsaka.